Ganyayen Kwantar da Hankali da Faɗuwar Gaba

Ashwagandha saiwa ce da Indiyawa suka daɗe suna haɗa magani da ita. Yanzu ta cika shagunan magungunan Musulunci da rukunonin WhatsApp, ana tallarta a matsayin maganin fargaba da rashin barci. Gwaje-gwaje ƙanana na 'yan makonni sun nuna tana ɗan rage damuwa ga wasu. Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne tana iya ɗaga sinadarin tayirod, kuma an samu waɗanda ta taɓa musu hanta. A 2023 Denmak ta hana sayar da ita.

Wata mai sana'ar atamfa, shekarunta arba'in da ɗoriya, ta yi wata huɗu gabanta na faɗuwa. Hannunta na karkarwa har kofin shayi ya riƙa ƙara a kan faranti. Tana zufa cikin hunturu, tana ci sosai amma zani sai ƙara zagaye ta yake yi. Da ta je shagon magani, mai shago bai auna ko bugun jininta ba. Cewa ya yi, "Hajiya, tunani ne ya yi miki yawa, wannan na gargajiya ne, ba shi da illa." Ya ba ta kafson ashwagandha biyu, safe da dare. Da abin ya ƙi, ya ce ta ninka. Cikin dare 'yarta ta kawo ta asibiti, zuciya na bugawa sama da 140 a minti, bugun ma ba a jere ba. An tambayi maganin da take sha, ta ce babu. Sai 'yar ta ce, "Umma, wannan fa?" ta zaro kwalbar daga jaka. Gwajin jini ya nuna tayirod ɗinta ne ya yi yawa tun farko, ga kumburin maƙoƙo a wuya da mayafi ya rufe. Wata huɗu ana zuba wa wuta fetur, a kan cutar da gwaji ɗaya zai gano.

Faɗuwar gaba alama ce, ba cuta ɗaya ba. Tayirod na kawo ta, ƙarancin jini na kawo ta, haka yawan goro da kofi. Ganye magani ne, duk abin da ke aiki a jiki yana iya yin ɓarna. Wanda bai auna ba, bai da hurumin cewa "tunani ne".

Wani ganyen, St John's wort, ya fi haɗari ga mai shan wasu magunguna. Yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da warfarin da wasu magungunan ƙanjamau, in kuma ya haɗu da magungunan damuwa irin su sertraline ko fluoxetine yana iya jawo zazzaɓi da karkarwa da ruɗewa. Kava ta tsibiran Fasifik kuwa, Jamus ta janye ta daga kasuwa a 2002 saboda hanta. Shayin babunaj da sauƙi, amma ba zai warkar da matsananciyar fargaba ba.

Lambar hukumar NAFDAC mai harafin L a ƙarshe da ake gani a jikin kwalba ba shaidar warkarwa ba ce, rajistar wucin gadi ce kan lafiyar shan abin. Kuma majinyaci ya daina ɓoye kwalba. In likita ya tambayi magani, har jiƙo da garin da ake zubawa a kunu yake nufi. Mai ciki kada ta kusanci ashwagandha.