Tantance Antibodin Gano Fosforiles: Darasi daga Cutar McArdle

Fosforiles shi ne inzayim ɗin da ke farfasa gilaikojin, wato sukarin da jiki ke taskancewa a hanta da tsoka. Nau'insa uku ne: na hanta, na tsoka da na ƙwaƙwalwa, kuma ƙirarsu ta yi kama ƙwarai. Saboda haka antibodi, furotin ɗin da manazarta ke gano shi da shi, yana iya kama nau'i biyu a lokaci guda.

A cutar McArdle, wadda aka fara bayyanawa a 1951, nau'in tsoka ne ba ya aiki, amma zaruruwan tsoka masu farfaɗowa suna samar da na ƙwaƙwalwa. Sai gwaji ya nuna lafiya alhali akwai cuta. Wajibi ne, ke nan, a fara jarraba antibodi a kan samfurin da ba shi da nau'in tsoka. Idan alama ta bayyana, ba abin dogaro ba ne.