Yadda Alƙaluma Ke Bambance Gwani da Mai Sa'a a Wasan Hokin Ƙanƙara

Duk mai bibiyar gasar Firimiya ta Ingila a manhajoji irin su Sofascore ko FotMob ya saba ganin xG a shafin ƙididdigar wasa. Irin wannan lissafi ya yi nisa a hokin ƙanƙara, musamman a gasar NHL ta Amurka da Kanada mai ƙungiyoyi 32. Can ma tambayar ɗaya ce: wanda ya ci wasa, ƙwarewa ce ta ba shi ko sa'a?

Wasan a taƙaice

Kowane ɓangare yana da 'yan wasa shida, har da mai tsaron raga. Ana yin zango uku, kowanne minti 20. Maimakon ƙwallo, ana buga wani baƙin faifan roba mai nauyin kusan giram 170 da sanda, a aika shi cikin raga mai faɗin ƙafa 6 da tsayin ƙafa 4. Ragar ƙarama ce, mai tsaronta kuma sanye yake da manyan kayan kariya, shi ya sa cikin bugu goma da suka doshi raga, kusan ɗaya ne ke shiga. Tunda cin ba shi da yawa, faifan da ya goga a ƙafar wani ya karkace kan iya sauya sakamako.

Corsi: wa ke riƙe da wasa

Ma'auni na farko shi ne Corsi, wanda aka sa wa sunan Jim Corsi, tsohon kocin masu tsaron raga na Buffalo Sabres. Yana ƙirga duk bugun da aka kai wa raga: wanda ya shiga, wanda gola ya tare, wanda ya bauɗe, da wanda ɗan baya ya kare da jikinsa. Idan ƙungiya ta kai hari 55, abokiyar karawarta ta kai 45, Corsi ɗinta kashi 55 ne cikin ɗari. Amfaninsa shi ne yawa. Hare-hare sun ninka cin raga sau da yawa, don haka sa'a ba ta cika ruɗa lissafin ba.

PDO: ma'aunin sa'a

Ana haɗa kason bugun ƙungiya da ke shiga raga da kason da golanta ke tarewa. Misali, 9 da 91 sun ba da 100. Matsakaicin gasar gaba ɗaya 100 ne dole, domin duk bugun da ya doshi raga, ko ya shiga ko a tare shi. Ƙungiyar da ta haura sosai, yawanci takan sauko a hankali.

Colorado Avalanche ta zama darasi a kan haka. A kakar 2013-14, ƙarƙashin koci Patrick Roy, ta tara maki 112 ta zo ta ɗaya a rukuninta, alhali Corsi ɗinta na cikin na ƙasa-ƙasa. Golanta Semyon Varlamov ne ya ɗauke nauyin, ya tare kashi 92.7 na bugun da aka yi masa. Masu nazarin alƙaluma sun yi gargaɗin abin ba zai ɗore ba. Minnesota Wild ta fitar da ita a zagayen farko na neman kofin Stanley, a kaka mai biyewa kuma ta tsaya a maki 90, ba ta ma kai wannan zagayen ba.

xG: ba duk bugu ne ɗaya ba

Raunin Corsi shi ne yana daidaita bugu daga nesa da bugu daga bakin raga. Nan xG ya shigo. Kwamfuta na duba dubban bugun da aka yi a baya, ta ba kowane sabon bugu daraja tsakanin 0 da 1, bisa nisa, kusurwa, irin bugun, da ko faifan ya dawo ne daga jikin gola aka sake bugawa. Bugu mai darajar 0.20 yana nufin irinsa kan shiga sau ɗaya cikin biyar.

Auna mai tsaron raga

Ga misali da gola biyu, kowanne an yi masa bugu 30. Na farko ya tare 28, wato kashi 93. Na biyu ya tare 27, kashi 90. A ido, na farko ya fi. Amma idan jimillar xG na bugun da aka yi wa na farko 1.5 ne, an ci shi biyu ke nan inda ake tsammanin ɗaya da rabi, ya yi asarar 0.5. Idan na biyu kuma nasa 4.2 ne aka ci shi uku, ya ceci ƙungiyarsa da 1.2. Wannan bambanci shi ake kira GSAx, kuma yana hana a ɗora wa gola laifin 'yan bayansa, ko a yabe shi da aikinsu. Kwantiragin miliyoyin daloli kan rataya a kan irin wannan hukunci.

Daga ina bayanan ke fitowa

NHL ta sanya 'yan na'urori masu aika sigina a cikin faifan da kuma rigunan 'yan wasa, kyamarori a saman filin na bin motsinsu. A 2023 ta buɗe shafin NHL EDGE, inda kowa zai ga gudun ɗan wasa, ƙarfin bugunsa da wurin da yake bugawa. Shafukan Natural Stat Trick da MoneyPuck suna nuna Corsi da xG, kuma suna buɗewa a wayar hannu.

Inda lissafin ke da iyaka

Yawancin tsarin xG ba su damu da wanda ya yi bugun ba. Alex Ovechkin, wanda ya karya tarihin Wayne Gretzky na cin raga 894 a watan Afrilun 2025, ya shafe shekaru yana ci daga da'irar hagu, nisan da ba kowa ke iya ci daga can ba. Shafuka kuma kan saɓa wa juna, tunda kowanne da tsarinsa. Don haka mai nazari ya tsaya a kan shafi ɗaya idan zai kwatanta, ya duba wasanni da yawa maimakon ɗaya, sannan ya kalli wasan da idonsa kafin ya yanke hukunci.