ZAURE DA ƊAKI: DARASI A KAN IZININ FOLDA TSAKANIN KWAMFUTOCI

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu in mun gama kwaleji za a tura mu makarantun da su ke da ɗakin kwamfuta amma ba su da injiniya. Wanda aka ga hannunsa ya saba da na'ura, shi za a ɗora wa nauyin ɗakin. Ranar da za a gane gwanintarsa kuwa ita ce ranar haɗa makin jarrabawa, sa'ad da kowane malami ya ke son ya zuba makin ajinsa cikin folda ɗaya, na'ura kuwa ta ce ba shi da izini. Saboda wannan rana aka shirya wannan darasi.

Kwamfutar da ta ke riƙe da foldar ita a ke kira uwar garke, sauran kuwa baƙi ne masu zuwa ɗiba da ajiya. Hanyoyin raba folda da suka fi yawa biyu ne. Ta fari SMB, ita ce ta Windows, kwamfuta mai Linux kuma tana bin ta ta wurin manhajar Samba, wadda Andrew Tridgell na Ostareliya ya fitar a 1992. Ta biyu NFS, wadda kamfanin Sun Microsystems ya ƙago a 1984, ana aiki da ita tsakanin kwamfutoci masu Linux da danginsu.

Ga ƙa'idar da ta ke ɗauke da darasin duka. Baƙo ya yi sallama a zaure, maigida ya ce ya shigo. Wannan bai buɗe masa ɗakin ajiya ba, gama ɗakin yana da kwadonsa dabam. Haka folda ta ke. Akwai izinin rabawa, shi ne zaure. Akwai kuma izinin da ke kan foldar kanta cikin faifai, shi ne kwadon ɗaki. Tilas duka biyu su yarda, in kuwa suka saɓa, wanda ya fi tsanani shi a ke bi. Kuskuren yawancin masu gyara shi ne su yini suna faɗaɗa ƙofar zaure, alhali kuwa ɗaki ne ke kulle.

Tsarin kwadon ɗaki a Linux gado ne daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Amurka a 1969. An kasa mutane kashi uku: mai abu, da rukuninsa, da sauran jama'a. Izini kuma iri uku ne, kowane da lambarsa: karatu 4, rubutu 2, shiga 1. Sai a tara wa kowane kashi nasa. Watau in an ce 750, mai abu yana da 7, komai da komai ke nan. Rukuni yana da 5, karatu da shiga. Sauran jama'a ba su da komai. Ku lura ƙwarai da abu biyu. Wanda ba shi da izinin shiga folda ba zai taɓa abin da ke cikinta ba, ko da fayil ɗin nasa ne. Wanda kuma ya ke da izinin rubutu a kan folda yana iya share fayil ɗin wani daga cikinta.

To, a ce malamin lissafi ya zo ya ce an hana shi. Kada ka taɓa komai tukuna. Bi waɗannan matakai bi da bi.

1. Tambaye shi ainihin abin da ya faru. Bai ga uwar garke ba ko kaɗan? Wannan ba maganar izini ba ce, sai a duba waya da katangar tsaro, a ga ko mashiga ta 445 a buɗe ta ke, gama ita SMB ke bi; ta NFS kuwa 2049 ce. An ƙi kalmar sirrinsa? Matsalar a zaure ta ke. Yana gani amma ba ya iya ajiyewa? Sai a duba ƙofofin duka biyu.

2. Bincika da wane suna ya shiga. Windows takan riƙe sunan wanda ya fara shiga, ta ci gaba da aiki da shi. Umurnin net use yana nuna haɗin da ke buɗe, net use * /delete kuwa yana yanke su, sa'an nan a sake shiga. Har wa yau Samba tana da nata littafin kalmomin sirri. Mutum yana iya zama da suna a Linux, amma Samba ba ta san shi ba sai an rubuta shi da smbpasswd -a.

3. Duba zaure. Dokokin Samba suna cikin fayil mai suna smb.conf, umurnin testparm kuwa yana karanta su ya nuna kuskure. Nemi layin valid users ka ga ko sunansa ko rukuninsa yana ciki. Nemi kuma read only, gama in ba a ce no ba, Samba tana ba da karatu kaɗai.

4. Duba ɗaki. Zauna gaban uwar garke kanta, ka buga ls -ld da sunan foldar, za ka ga mai ita da rukuninta da izininta. Buga id da sunan malamin, ka ga rukunan da ya ke ciki. In ba ka ga laifi ba, buga namei -l da cikakkiyar hanyar foldar, gama sau da yawa wata folda ce can sama ta hana shiga. In kuwa yanzu aka sa shi cikin rukuni, sai ya fita ya sake shiga kafin abin ya kama.

5. Canja abu ɗaya tak, ka gwada, ka rubuta a littafi. Wanda ya canja abu biyar a lokaci guda, ko abin ya gyaru bai san me ya gyara shi ba.

NFS tana da wani tarko nata. Kun san mai duba takardun jarrabawa ba ya ganin sunan ɗalibi, lamba ya ke gani. Haka NFS ta ke a tsarinta na yau da kullum, da lamba ta san mutum. A Debian da Ubuntu mutumin farko da aka buɗe wa suna yana samun 1000, na biyu 1001. In malamin lissafi shi ne 1000 a uwar garke, amma 1001 a kwamfutar ofis, to, uwar garke za ta ɗauke shi wani ne dabam, watakila ma malamin tarihi. Umurnin ls -ln yana nuna lambobin a fili, maganin kuwa a daidaita lambar kowa a kwamfutocin duka. Ko root, mai lamba 0, wanda ya ke sarki a kwamfutarsa, in ya zo ta NFS akan mai da shi baƙo marar iko, mai lamba 65534 a yawancin Linux. Da gangan aka yi haka, kada ku cire shi don neman sauƙi.

Yanzu ga gargaɗi. Za ku gamu da mai cewa, buga chmod 777 ka huta. Lalle ƙofa za ta buɗe, amma gyaran gangar Auzinawa ke nan, gama duk mai suna a na'urar, har ɗaliban da su ke koyon buga rubutu, ya sami ikon canja maki ko share shi. Makin yaro kuwa amana ne a hannun malami. Wani kuma zai ce a komo da tsohuwar SMB1 don wata tsohuwar na'ura. Ku tuna ta wata ɓaraka cikinta ne cutar WannaCry ta bazu a duniya a watan Mayu na 2017, har ta tsai da aiki a asibitoci da dama a Ingila.

Hanya mai kyau ita ce a kafa rukuni, a ce malamai, a ba shi foldar da chgrp, sa'an nan a buga chmod 2770. Lambar 2 ta gaba tana sa kowane sabon fayil ya gaji rukunin foldar. In ana son kada wani ya share na wani, sai a mai da ita 3770. Cikin smb.conf kuma a rubuta create mask = 0660, gama in an bar ta yadda ta zo, watau 0744, abokan aiki za su karanta sabon fayil amma ba za su iya gyara shi ba.

Tambayoyi

1. Folda tana da 750, kai kuwa kana cikin rukuninta. Kana iya ajiye fayil? Don me?
2. Izinin rabawa ya ba da rubutu, na faifai ya ba da karatu kaɗai. Wanne za a bi?
3. Bayyana haɗarin 777 ga foldar makin jarrabawa.

Ku gwada waɗannan a ɗakin kwamfuta da foldar da ba kome cikinta, tun ranar haɗa maki ba ta zo ba. Allah ya ba mu sa'a, amin.