TASHAR DA BA TA RUFEWA: DARASI A KAN KARATU, KALLO DA TALLA



GABATARWA

Duk wanda ya taɓa shiga A Daidaita Sahu daga Gyaɗi-Gyaɗi ya bi titin Zariya zuwa Unguwa Uku, ya san cewa a wannan 'yar gajeriyar tafiya ba a barin idonsa ko kunnensa ya huta. A sama ga manyan alluna, wannan na kamfanin waya, wancan na taliyar yara, na gaba kuma hoton ɗan siyasa ne yana murmushi. A bakin titi mai maganin gargajiya ya ɗora lasifika bisa mota, yana lissafa cututtukan da kwalba ɗaya za ta warkar. Direba ya kunna rediyo, fasinjan da ke gefenka kuma ya sunkuyar da kai yana kallon bidiyo a waya. Kafin ka sauka, mutane da yawa sun yi maka magana, ba kuwa wanda ya yi maka sallama a cikinsu.

Darasinmu na wannan wata zai duba abin da muke karantawa, da abin da muke kallo, da abin da ake tallata mana, domin kowane gida ya san inda lokacinsa da kuɗinsa da hankalin 'ya'yansa suke tafiya.

1. YADDA IYAKA TA KAU

A shekarar 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma da yawa cikin kakanninmu a gaban katekis suka koyi abacada domin su iya karantawa da kansu. A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana editanta. A wancan zamani jarida ɗaya takan zaga unguwa, wanda ya iya karatu ya ɗaga murya, saura su kasa kunne. Sashen Hausa na BBC ya soma a 1957. Talabijin ta fara a Ibadan a 1959, ta iso Kaduna a 1962, aka kafa hukumar NTA a 1977. A farkon shekarun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, Jihar Kano ta buɗe tashar CTV, wadda yanzu ake kira ARTV, a kan titin Maiduguri.

Mu da muka taso a ƙarshen shekarun 1980 muna tuna yadda abin yake. Tasha ba ta buɗewa sai wajen ƙarfe 4 na yamma, in dare ya raba kuma a sa taken ƙasa a rufe. Yaran layi gaba ɗaya mukan taru a gidan maƙwabci mai akwatin talabijin mu kalli Samanja, in an gama a kore mu, kowa ya nufi gida. Ba mu da wata tarbiyyar kallo ta musamman. Tashar ce da kanta take ce mana ya isa haka.

Daga baya abubuwa suka sauya. Dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa izinin buɗe gidajen rediyo da talabijin. Wayar salula ta shigo a 2001, gidan rediyon Freedom ya buɗe a Kano a 2003, tashar Arewa24 ta fara a 2014. Yau wanda ya leƙa kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni zai ga yadda rediyo da talabijin da jarida da allon talla suka haɗu cikin abu ɗaya da ke shiga aljihu. Wannan tasha ba ta sa taken ƙasa, ba ta kuma rufewa. Saboda haka iyakar da a dā ake sa mana daga waje ta kau. In mutum bai sa wa kansa iyaka ba, babu mai sa masa.

2. KARATU

Akan ce mutanen yanzu ba sa karatu. Gaskiyar magana ita ce, wuni muke yi muna karatu, sai dai guntu-guntu ne: saƙon WhatsApp, kanun labari a Facebook, layi biyu nan, layi uku can. A shekarun 1980 da 1990, lokacin da littattafan marubutan Kano irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu suka cika kasuwa, iyaye sun yi ta faɗa cewa 'yan mata sun shagala da labaran soyayya. Duk da haka yarinyar da ta ɗauko littafi haya takan fara daga shafin farko ta kai na ƙarshe. Ta koyi jira, ta koyi riƙe farkon magana har ta ji ƙarshenta kafin ta yanke hukunci. Wannan hali ne gajeren saƙo ba ya koyarwa, shi ne kuwa ake bukata a zaman aure, da wajen sasanta rikici, da lokacin sauraron wa'azi.

Haɗarin karatun gaggawa mun gan shi da idonmu. A watan Agusta na 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Legas, wani saƙo ya zaga wayoyi cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha domin rigakafi. Kafin gari ya waye gidaje da yawa sun aikata, aka kwantar da mutane a asibiti, wasu ma suka rasa rayukansu. Waɗanda suka tura saƙon ba mugaye ba ne, ƙauna ce ta sa suka tura wa 'yan'uwansu. Abin da suka rasa shi ne tsayawa a yi tambaya. A gari irin Kano, inda Kirista da Musulmi suke cin kasuwa ɗaya suna shan ruwan famfo ɗaya, jita-jita ɗaya tana iya ta da wutar da ba a kashe ta sai da hawaye. Don haka kafin ka tura saƙo, ka tambayi kanka: wa ya rubuta shi, yaushe aka rubuta, kuma in ƙarya ne wa zai cutu?

3. KALLO

Bari mu yi lissafi mai sauƙi. Wanda yake kallon talabijin ko waya awa 3 kowace rana, a mako ya ba da awa 21, a shekara kuma awa 1,095, wato fiye da kwana 45 cur, dare da rana. Lokacin Azumi gaba ɗaya kwana 40 ne. Wanda kuwa yake karanta shafi 2 kacal kullum, a shekara ya karanta shafi 730. Da yayyafi kogi kan cika.

Ni ma da nake rubuta wannan na gwada kaina mako guda, ina rubuta abin da na kalla. Na tarar lokacin da ya fi ɓace mini shi ne bayan addu'ar dare, in na ce bari in duba labarai na minti biyar. Sau da yawa sai in ɗaga kai in ga awa ta wuce, washegari kuma in tashi zuwa Misar safe da nauyin ido. Ban faɗi haka don kowa ya ji kunya ba, sai don mu san cewa ciwon na gida ne.

Talabijin tana da amfani mai yawa. Ta wurinta manomi yake jin hasashen damina, uwa ta ji ranar allurar rigakafi, tsoho marar lafiya ya bi Misa daga kan gadonsa. Wasan kwaikwayo mai kyau yakan buɗe maganar da iyali suka daɗe suna jin nauyin yi. Abin dubawa shi ne gurbin me kallon ya ci. A gidaje da yawa an daina cin tuwon dare a kwano ɗaya ana hira, kowa ya ɗauki nasa ya juya ga akwati. Tatsuniyar kaka ta ɓace, addu'ar rosari ta iyali ta koma jiran a ɗauke wuta. Yaro yana aikin makaranta ido ɗaya a littafi, ɗaya a fim. Saurayi ya tafi gidan kallon ƙwallo, ga shagon caca a maƙale da shi, kuɗin da aka ba shi na makaranta ya tafi a dare ɗaya.

Iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma yaro abin da ya gani yake koyi, fiye da abin da aka gaya masa. Uban da ke latsa waya a wurin cin abinci ba shi da bakin hana ɗansa.

4. TALLA: WA YA BIYA?

Mai sauraron rediyo ba ya biyan ko kwabo, amma gidan rediyo yana biyan albashi yana sayen man janareto. Ina kuɗin yake fitowa? Mafi yawa daga masu talla. Abin da mai talla yake saya kuwa shi ne lokacinka da hankalinka. A waya abin ya fi haka zurfi, domin manhaja tana lura da abin da ka tsaya ka kalla, ta ƙaro maka irinsa, ta kuma nuna maka tallar da ta dace da rauninka. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Talla a kanta ba laifi ba ce. Mai ƙosai ma tana kiran masu saye, kuma tallar gaskiya tana taimakon mai saye ya san inda kaya suke da farashinsu. Ɓarna tana shigowa ta hanya biyu. Ta farko ita ce ƙarya a fili, kamar maganin da aka ce shi kaɗai yana warkar da ciwon sukari da hawan jini da rashin haihuwa. Ku sani, lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, a jikin maganin gargajiya sau da yawa tana nuna an gwada shi ne ta fuskar cutarwa kawai. Wannan ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk abin da mai lasifika ya lissafa. Mu da muke kai ziyara ɗakunan marasa lafiya mun sha tarar da wanda ya ajiye maganin likita saboda alkawarin da ya ji a talla, bai komo asibiti ba sai da ciwo ya ci ƙarfinsa. Haka nan tallar riba ba wahala: tsarin MMM ya rufe asusun mutane a Disamba 2016, CBEX kuma ya rushe a Afrilu 2025, dukansu sun tafi da guzurin bayin Allah masu yawa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Hanya ta biyu ta fi ɓoyuwa. Ita ce maimaita abu har mutum ya ji shi ƙasƙantacce ne in bai mallake shi ba. Daga nan ne budurwa take shafa man bilicin don an nuna mata cewa baƙar fata aibi ce, magidanci kuma ya ci bashi ya sauya wayar da ba abin da ya same ta. Gwamnati tana da hukumar kula da talla, APCON tun 1988, wadda ta koma ARCON a 2022, amma ba hukumar da za ta zauna a falonka ta yi maka zaɓi.

5. ABIN DA IKILISIYA TA KOYAR

Ran 4 ga Disamba 1963, Majalisar Vatican ta Biyu ta fitar da takarda a kan kafofin sadarwa mai suna Inter Mirifica. Ta ɗauke su a matsayin baiwa, ta kuma ɗora nauyi a kan mai karatu da mai kallo da mai sauraro cewa su yi zaɓi da lamiri mai kyau, matasa su koyi tsakaitawa, iyaye kuma su tsare abin da ke shiga gidajensu. Daga nan aka samo Ranar Sadarwa ta Duniya, wadda ake kiyayewa tun 1967 a Lahadin da ke gaban Fentikos. A 1997 kuma Vatican ta fitar da takarda a kan talla, inda ta kafa ma'auni uku: faɗin gaskiya, girmama darajar ɗan Adam, da kula da amfanin jama'a. Kowa zai iya auna tallar da ya gani a titin Zariya da waɗannan.

6. AIKIN MAKO GUDA

(a) Kowane gida ya sami takarda, a rubuta awoyin kallo na kowa har kwana 7, da kuɗin data da na biyan tashoshi. Ran Lahadi a zauna a duba tare, ba tare da zargi ba.

(b) A tsai da lokacin rufe tasha a gida, alal misali ƙarfe 9 na dare, a kashe akwati, a ajiye wayoyi wuri ɗaya, har da ta maigida.

(c) A hana waya wurin cin abinci da lokacin addu'a.

(d) Kowa ya zaɓi littafi ɗaya ya karanta shafi 2 kullum har ya kai ƙarshe. A sa yara su karanta wa tsofaffi da ƙarfi.

(e) Abin da talla ta sa ka sha'awa, ka bari ya kwana uku kafin ka saya. In magani ne, ka tambayi likita. In zuba jari ne, ka nemi shawarar wanda ba shi da riba a ciki.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Wane abu ne muke yi tare a gidanmu a dā, wanda kallo ya ci gurbinsa?
2. Ka taɓa tura saƙon da daga baya ka gane ƙarya ne? Ka koma ka gyara?
3. Me ka saya a wannan shekara saboda talla, wanda yanzu kake da-na-sani?
4. Ta yaya Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa za su tara littattafai domin aro a Ikilisiyarmu?

Ina roƙon katekis da shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan darasi ga waɗanda ba su iya karatu ba, su kuma kawo mana abin da gidaje suka gano bayan mako guda. Allah ya ba mu hikimar zaɓi, ya tsare idanunmu da kunnuwanmu, ya albarkaci gidajenmu. Amin.