Makaranta Bisa Teku: Taƙaitaccen Nazari

A shekarar 1926 jirgin ruwan Ryndam ya tashi daga Amurka ɗauke da ɗalibai kimanin 500, ya zaga duniya. A 1963 aka farfaɗo da wannan tsari, wanda daga baya aka laƙaba wa suna Semester at Sea. Muddin jirgi yana bisa ruwa karatu ba ya tsayawa, ba ruwansu da Asabar ko Lahadi; malami da ɗalibi kuwa zaure guda suke cin abinci. In an isa tasha, kamar Tema ta Gana, sai a sauka a auna littafi da zahiri. Sai dai zaman 'yan kwanaki a gari leƙe ne kawai, sa'an nan tsadar tafiyar takan tare wa ɗan talaka hanya. Gani ya kori ji, amma ganin baƙo gajere ne.