Waƙa A Matsayin Abokiyar Zaman Mai Baƙin Ciki

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya lura da al'adar Bahaushe zai ga wani abu mai kama da tufka da warwara. A gidan mutuwa ba a kiɗa, ba a busa. Tun daga ranar rasuwa har zuwa sadakar uku, da ta bakwai, da ta arba'in, addu'a da ta'aziyya su ne abin da kunne yake ji. Amma idan masu gaisuwa suka watse, gida ya yi tsit, sau da yawa wanda aka yi wa rashi yakan koma ga waƙa don ya sami sauƙin abin da ke damunsa. Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda hakan ke faruwa, da dalilin da ya sa waƙa mai sa kuka take iya zama magani.

2.0 Ra'ayoyin Masana Na Da

Wannan tambaya ta daɗe tana damun masana. Aristotal, masanin Girka, ya nuna cewa wasu sautuka sukan motsa tsoro da tausayi a zuciyar mai sauraro, bayan haka sai ya ji kamar an wanke shi, an sauke masa kaya. A duniyar Musulmi kuma, Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda na sauraron waƙa a cikin Ihya'u Ulumiddini. A nan ya kasa baƙin ciki gida biyu. Akwai abin zargi, wato damuwa a kan abin da ya wuce har ta kai mutum ga ƙin yarda da hukuncin Allah. Akwai kuma abin yabo, wato nadamar bawa a kan gazawarsa. A ganinsa, hukuncin waƙa yana bin irin baƙin cikin da ta tayar.

Wannan rabe-rabe yana taimakawa wajen fahimtar halin Bahaushe. Abin da yake gudu a gidan makoki shi ne kururuwa da shagali, domin na farko yana nuna rashin tawakkali, na biyu kuma rashin kara. Waƙar da ke jawo hankali zuwa ga haƙuri kuwa ƙofarta a buɗe take.

3.0 Misalai Uku

3.1 Marsiyyar Nana Asma'u

Nana Asma'u 'yar Shehu (1793–1864) ta rayu cikin zamanin hijira da yaƙe-yaƙe, ta kuma ga mutuwar mafi yawan makusantanta. Ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta kuma yi wa aminiyarta A'isha. Abin lura a waɗannan waƙoƙi shi ne ba ta ɓoye hawayenta da kaɗaicinta ba. Tana bayyana ciwon, ta jera kyawawan halayen mamaci, ta miƙa lamari ga Allah, ta yi masa addu'a. Wannan tsari shi kansa hanya ce da mai baƙin ciki zai bi, daga raɗaɗi zuwa dangana.

3.2 Imfirajin Aliyu Namangi

Alhaji Aliyu Namangi na Zariya (1894–1990) ya rasa ganinsa tun yana ƙarami. Sunan shahararriyar waƙarsa, Imfiraji, daga Larabci yake, ma'anarsa kuwa yayewar ƙunci. Waƙar 'yar biyar ce, jigoginta sun haɗa da begen Annabi, da rashin tabbas na duniya, da tuna mutuwa. Makafi da almajirai ne suka yaɗa ta a kasuwanni da ƙofofin gidaje tun kafin yawancin jama'a su gan ta a littafi. Ke nan mutanen da suka fi kowa sanin wahala su ne suka ɗauke ta, suna rera ta ga wasu, suna kuma jin sanyinta su da kansu.

3.3 Kuntigin Ɗan Maraya

Adamu Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya sami laƙabinsa ne daga maraicin da ya tashi a ciki. Kayan kiɗansa kuntigi ne mai tsirkiya ɗaya, kuma galibi shi kaɗai yake waƙa, ba 'yan amshi. Ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa lebura, ya yi a kan auren dole. Murya ɗaya da tsirkiya ɗaya sun dace da halin wanda ba shi da kowa, shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi yakan ji kamar da shi ake magana.

4.0 Yadda Waƙa Take Sanyaya Zuciya

Daga waɗannan misalai ana iya fitar da hanyoyi uku.

Na farko, waƙa tana ba wa ciwo suna. Kunya da kawaici sukan hana Bahaushe faɗin abin da ke ransa. Uwa ba ta ambatar sunan ɗanta na fari, ko da ya rasu ana son ta daure. Waƙar wani sai ta faɗi abin da bakinta ya kasa. Haka waƙoƙin niƙa da na daka suka zame wa mata kafar amayar da damuwa ba tare da an zarge su ba.

Na biyu, waƙa tana da tsari. Tunanin wanda masifa ta afka wa a warwatse yake, ba shi da farko balle ƙarshe. Kari da amsa-amo da amshi kuwa suna dawowa a inda ake sa ransu, baiti yana farawa yana ƙarewa. Zuciyar da ta ruɗe takan sami abin dafawa a cikin wannan maimaici, kamar yadda jariri yake yin shiru idan ana masa waƙar reno.

Na uku, waƙa tana fitar da mutum daga kaɗaici. Idan ya ji wani ya riga shi shan irin wannan ɗaci, har ya mai da shi baiti, sai ya tuna cewa mutuwa rigar kowa ce.

5.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Duk da haka, ba kowane sauraro ne ke warkarwa ba. Waƙar da mamaci yake so tana iya fama gyambo, wanda kuma ya kulle kansa a ɗaki yana nanata ta dare da rana yana iya ƙara nutsewa. Ma'aunin da Gazali ya kafa yana da amfani a nan: a dubi inda waƙar ta bar mai sauraro. Idan bayan hawaye ya tashi ya yi alwala, ya ci abinci, ya shiga mutane, to ta yi aikinta. Idan kuwa ta raba shi da barci da jama'a, yana bukatar 'yan'uwa, da malami, wani lokaci ma da likita.

6.0 Kammalawa

An ga cewa Bahaushe ya hana kiɗa a wurin makoki, amma ya bar wa waƙa gurbi a kwanakin da ke biyo baya. Manazarta sun fi mai da hankali ga waƙoƙin sarauta da na siyasa da na noma, alhali waƙoƙin zawarawa da marayu da masu takaba suna nan a bakin tsofaffin mata. Ya kamata ɗaliban wannan sashe su shiga karkara su tattara su tun masu su suna raye.