Fadama, Dausayi da Kacalla: Abin da Ɗalibin Harshe Zai Koya Daga Hadeja da Nguru

A wani darasin fassara da muka yi a nan Abuja, malaminmu ya ba mu wata takardar Turanci kan farfaɗo da wuraren da ruwa ke kwanciya, ya ce mu mayar da ita Hausa. Kalma ɗaya Bature ya yi amfani da ita tun daga farko har ƙarshe. Ni kuwa sai na tsaya ina jujjuya fadama, dausayi, tafki da gulbi, domin kowace da inda ta dosa. Fadama ƙasa ce mai kwari wadda ruwa ke mamayewa da damina, ya janye a yi noman rani. Dausayi makiyayi ne ya fi saninsa, wurin da ciyawa ke ɗanye bayan ko'ina ya bushe. Kishiyarsu jigawa, wato tudun rairayi, inda Jihar Jigawa ta samo sunanta.

Wannan ne ya sa na bibiyi labarin dausayin Hadeja da Nguru, da ke tsakanin Jigawa da Yobe. Hausawa da Badawa da Barebari da Fulani sun daɗe suna cin moriyarsa ta hanyar karɓa-karɓa: masunta in ruwa ya cika, manoman shinkafa in ya fara ja, makiyaya bayan girbi. Sarkin Ruwa ke faɗin ranar da za a shiga su da ranar da za a bar kifi ya huta.

Da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, sai tsarin ya rikice. Ambaliyar damina ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana har da rani. Abin da kacalla ke so ke nan. Wannan doguwar ciyawa ta toshe hanyoyin ruwa, ɓangaren Marma da Nguru ya riƙa nutsewa, Burum Gana kuwa ta ƙafe. Ga tsuntsayen jan-baki da ke sheƙa a cikinta suna cinye shinkafa da gero.

Ba a rasa kuɗi ba. A 2000 aka sanya tafkin Nguru cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. A 2006 jihohin Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe tare da Gwamnatin Tarayya suka kafa asusun kula da kogunan yankin, mai mazauni a Damaturu. A 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL, wanda ya haɗa jihohin Arewa 19 da Abuja. Amma a ganina, aikin da ya fi ƙayatarwa shi ne na gayya, inda mutanen ƙauyuka suka shiga ruwa da lauje da adda suna sare kacalla. Su suka san tsohuwar hanyar ruwa, domin kakanninsu sun bi ta da kwalekwale.

To ina namu a ciki? Takardun neman tallafi da Turanci ake rubuta su, a nan Abuja ake tantance su. Masuncin da ya san ruwan kuwa da Badanci ko Hausa zai yi bayani. In mai fassara ya mayar da fadama da dausayi abu ɗaya, an shafe haƙƙin ko dai manomi ko makiyayi tun a kan takarda, kuma daga nan rigima ke farawa. Shi ya sa na canja taken kundin digirina zuwa kalmomin su da noman fadama. In an yi hutu zan sauka Nguru da rakoda, in fara da dattawan masunta.